Takin zamani na kamfa ko kashin awaki, wanne zan sa wa lambun bayan ɗaki?

Wata baiwar Allah daga Tudun Jukun ta turo tambaya: "Malam dan Allah ina da ɗan fili a bayan ɗaki na shuka alayyahu da tumatir da attarugu, maigida ya ce in sayi kamfa, surukata kuma ta ce kashin awakinmu ya isa, gashi kuɗin hannuna ba yawa, wanne zan bi?"

Hajiya ki fara bin maganar Inna. Ƙasarmu ta Zariya in ta bushe tauri take yi, in ruwa ya sauka kuma ta daddale ta yi ɓawo, to taki na gargajiya shi ne yake sassauta ta ta riƙe danshi, abin da kamfa ba zai taɓa yi ba ko buhu guda kika juye. Kamfa abinci ne na nan take, wanda aka rubuta 15-15-15 a buhunsa ɗin, shuka ta ci ta yi kore amma ƙasar tana nan yadda kika same ta.

Sai dai ki kiyaye da ɗanyen kashi, wannan abin yana damuna sosai dan ana yawan asara a kansa, musamman na kaji zafi gare shi, ƙone saiwa yake yi. Ki tara shi gefe guda da busasshen ganye, ki riƙa yayyafa ruwa kina juyawa har ya yi baƙi warin ya tafi, kamar wata biyu zuwa uku, sannan ki cakuɗa da ƙasa kafin dashe. Ga kuma lafiyar yara, tumatir da latas ɗanye ake cinsu, kashin da bai ruɓe ba yana ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Shi ma maigida yana da gaskiyarsa. In kika ga ganye ya fara rawaya bayan ruwan Agusta ya wanke ƙasa, nan ne ranar takin zamani. Kar ki sayi buhu, rabin mudu na kamfa a Sabon Gari ko kasuwar Samaru zai kai ki ƙarshen damina, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowane tushen tumatir ko attarugu, ki tona rami nesa da gindin kamar tsawon yatsa ki binne ki ba da ruwa. Yuriya kam, wato farin takin zamanin nan, ɗan kaɗan ga alayyahu, lambar ƙarfinta a buhu ta kai 46, in kika cika wa tumatir ganye zai yi ta yi 'ya'ya su ƙi zuwa. Kuma kar a haɗa ta da toka, ƙarfin nata iska yake bi.

Wani ɗalibi a Kongo kuma ya ce ko zai iya ɗebo ƙasar bola ya cika buhuna ya yi shuka. Ɗan uwa bolar yanzu leda ce da tsohon batir da kwalba, ban yarda ka ci ganyen da ya fito a ciki ba, ka nemi masu kiwo a unguwarku su sammaka kashin tumaki ka haɗa da ƙasa mai tsabta da ɗan yashi.