Su wane ne 'yan Bhagnari, kuma me ya hana su watsewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kano ne, shekara huɗu ke nan ina aiki a wani kantin kayan lantarki a Dubai. Maigidana Ba'indiye ne, amma duk wanda ya ce masa ɗan Sindhi sai ya gyara masa, ya ce shi ɗan Bhagnari ne. Na lura in ɗan wani a cikinsu ya ci jarrabawa ko ya sami ƙarin girma, nan da nan labari ya zaga wayoyinsu ana ta barka. In wani ya kwanta asibiti a Mumbai, kafin la'asar an haɗa kuɗi. Ni kuwa a wajen shanu na san sunan nan, don na taɓa ganin bidiyon wasu manyan bijimai na Pakistan da ake kira haka. Mene ne haɗin mutanen da shanun? Su ne masu Chellarams na Najeriya? Kuma me ya sa suke riƙe juna haka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ka yi kuskure ba, mutanen da shanun duk sunan ƙasa ɗaya suka ɗauka. Bhag gari ne a filin Kachhi da ke lardin Balochistan na Pakistan ta yau, Nari kuma kogi ne da ke gangarowa ta wajen Sibi ya ratsa filin. Haɗa sunayen biyu aka yi aka sami Bhagnari. Bijiman da ka gani farare ne masu ɗan toka-toka a wuya da tozo, na huɗa da jan kaya, kuma su ne abin kallo a kasuwar baje kolin dabbobi da ake ci kowace shekara a Sibi. Shanun suna nan inda suke. Mutanen maigidanka kuwa sun yi ƙaura sau biyu, kuma a cikin ƙauran nan amsar tambayarka ta ƙarshe take.

Bari mu fara kawar da maganar Chellarams, don gajeriya ce. Ba su ba ne. Gidan Chellaram da ya kafu a Najeriya tun 1923, da gidan Chanrai wanda kamfanin Olam ya fito daga cikinsa a 1989, asalinsu fataken birnin Hyderabad ne na lardin Sindh. Dukansu mabiya addinin Hindu ne da suka baro ƙasar da ta zama Pakistan, shi ya sa a Indiya ake yi wa kowa kuɗin goro a ce 'yan Sindhi. To amma 'yan Bhagnari harshensu na gida ya fi kusa da Saraiki, wanda ake yi a kudancin Punjab da gefen Balochistan, kuma tushensu Balochistan ne. Gyaran da maigidanka yake yi kamar Bazazzagi ne da aka kira Bakano a Legas: zai amsa gaisuwa, amma sai ya faɗi garinsu.

Filin Kachhi wuri ne mai tsananin zafi, har Sibi kan haura digiri 50 da bazara, ruwan sama kaɗan ne, noma ya dogara da ambaliyar da koguna ke kawowa daga duwatsu. Abin da ya ba shi daraja shi ne yana bakin mashigar Bolan, hanyar da ayarin raƙuma ke bi daga kwarin kogin Indus zuwa Quetta da Kandahar. Tun 1740 yankin ya koma hannun sarakunan Kalat, wata masarauta ta Balochistan. A irin waɗannan garuruwa Musulmi ne masu sarauta da gona da garke, 'yan Hindu kuma tsiraru ne masu kanti da awo da bayar da bashi da riƙe littafin lissafi, suna zaune ƙarƙashin kariyar shugabannin kabilun Baloch. Ka riƙe wannan, don yana da muhimmanci: mutanen da ba su da sarauta, ba su da yawa, dukiyarsu kuma bashi ce a hannun wasu, ba su da wani jari da ya wuce amana. Takardar da suke kira hundi, wadda mutum zai karɓa a wannan gari ya je wani gari mai nisa a ba shi kuɗi, ba ta aiki sai in kowa ya san wanda ya sa hannu, ya san ubansa, ya kuma san inda za a kai ƙara in ya saɓa.

Inda ake kai ƙarar shi ne panchayat. Asalin kalmar daga "biyar" ne, wato majalisar dattawa biyar, shugabanta kuma mukhi ake ce masa. Ita ke sasanta rigimar kasuwa da ta aure, ta kula da wurin ibada da wurin ƙona gawa, ta tara kuɗi don gwauraye da marayu. Ba ta da ɗan sanda ko kurkuku. Makaminta shi ne a daina cin abinci da kai, a daina ba ka bashi, a ƙi ba ɗanka aure. A al'umma ƙarama wannan ya fi ɗauri ciwo.

Da Turawan Ingila suka ci Sindh a 1843, aka buɗe mashigin Suez a 1869, jirgin ƙasa kuma ya isa Sibi a 1880, sai kasuwa ta juya ta koma bakin teku. Ayarin raƙuma ya ja baya, Karachi ta tashi. 'Yan Bhagnari suka bi kasuwa zuwa can, suka tare a tsohon gari har unguwarsu ta ɗauki sunansu. Wannan ita ce ƙaura ta farko, kuma ta ganin dama ce.

Ta biyun ba ta ganin dama ba ce. A watan Agustan 1947 aka raba Indiya da Pakistan. Da farko Sindh ba ta ga irin zubar da jinin da aka yi a Punjab ba, har 'yan Hindu da yawa suka yi zaman jiran ƙura ta lafa. Tarzomar da ta ɓarke a Karachi ranar 6 ga Janairun 1948 ce ta yanke musu shawara. Aka rinƙa cika jiragen ruwa zuwa Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, mutane suka bar gidaje da kantuna da basussukan da ba za su ƙara karɓa ba. Da yawa daga cikin 'yan gudun hijirar Sindh an zuba su a tsoffin barikokin soja da ke kusa da Kalyan, a wajen Bombay, inda a 1949 aka aza harsashin garin Ulhasnagar. 'Yan Punjab da 'yan Bengal da suka tsallako sun tarar da rabin lardinsu a ɓangaren Indiya, da masu jin harshensu. Mutanen Sindh ba su tarar da komai ba, don lardinsu kacokan ya faɗa Pakistan. 'Yan Bhagnari kuwa tsiraru ne a cikin waɗannan marasa lardin. In da lissafi ake bi, da tuni sun narke a Bombay ba a ƙara jin sunansu.

Abin da ya cece su, a ganina, gini ne. Shugabansu na lokacin, Takandas Kataria, ya dage sai an tara jama'a a wuri ɗaya, aka sami fili a Bombay kusa da filin wasa na Shivaji Park, dab da teku, aka gina rukunin gidajen da har yau ake kira Kataria Colony. A Mumbai irin waɗannan gidaje ƙungiyar haɗin gwiwa ce ke mallakar ginin, kowane iyali yana da hannun jari da ɗakunansa, kwamiti na lura da wanda zai shigo. Su ba su ƙirƙiro dabarar ba, 'yan Parsi, wata ƙaramar al'umma mai asali daga Farisa, sun daɗe da unguwanninsu a birnin, kuma a 2005 Kotun Ƙolin Indiya, a shari'ar wata ƙungiyar gidaje ta 'yan Parsi, ta amince cewa irin wannan ƙungiya na iya taƙaita shiga ga 'yan al'ummarta. Amma ga mutanen da ba su wuce 'yan dubbai ba, amfanin abin ya fi ƙarfin kwatance. Tsohuwar da mijinta ya mutu tana da maƙwabciya mai jin harshenta a ƙofa ta gaba. Yara sun tashi a tsakar gida ɗaya, sun san juna kafin a fara maganar aure. Biki da zaman makoki da taron panchayat duk suna da zaure. Wanda ya tafi Dubai ko Amurka ya san inda zai sauka in ya dawo, ya kuma san inda zai aika kuɗi.

Mu ma mun san wannan. Bahaushen da ya sauka Kumasi ko Accra zango yake nema, na Ibadan kuma Sabo, kuma fataucin goro da shanu bai yi ƙarfi ba sai da aka sami maigida mai masauki da Sarkin Zango mai raba gardama. Bambancin shi ne zango yana karɓar duk baƙon da ya zo da salla da Hausa a baki, shi ya sa yake faɗaɗa. Unguwar 'yan Bhagnari haihuwa ce ke shigar da mutum, shi ya sa ta fi matsewa, ta fi sanin kowa, ba ta kuma iya girma sai da haihuwa.

Yanzu ga abin da ka gani a Dubai. Zuwan 'yan kasuwar Indiya can ya girmi man fetur, har kuɗin da ake kashewa a Dubai kafin 1966 rupi ne da Indiya ke bugawa. Da aka fara fitar da mai a 1969, aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1971, sai ƙofa ta buɗe, 'yan Bhagnari da yawa suka bi. Yadda ake yi sananne ne: wanda ya riga zuwa ya nema wa ɗan ƙanensa biza, ya ba shi katifa da aiki a kanti, bayan 'yan shekaru ya ba shi kaya bashi ya buɗe nasa. Ba a neman jingina, don mahaifiyar yaron tana hawa na biyu a ginin da mahaifiyar mai ba da bashin take hawa na uku. Albashin Dubai ya koma Mumbai ya biya kuɗin makaranta, jikokin masu awon hatsi suka zama likitoci da injiniyoyi da akantoci da ma'aikatan banki.

Barkar da kake gani tana zagawa a waya kada ka ɗauke ta fariya kawai, ko da yake ba a rasa fariyar a ciki. Aiki biyu take yi. Na farko, rajista ce: da an sanar cewa 'yar gidan wane ta zama likitar zuciya, kowa ya san lambar da zai kira ranar da tsohonsa ya faɗi. Na biyu, ɗaurin talala ne. Wanda aka tafa wa a gaban jama'a, aka karanta sunan ubansa da na kakansa, ranar da aka zo da takardar neman gudummawa ba shi da fuskar cewa babu. Yabon gaba ake bayarwa, biyan yana biyo baya. Kuma da yawa daga masu bayarwa yau, da kuɗin jama'a aka yi musu karatu ko aka yi jinyar iyayensu.

Taimakon kansa ba a bar shi ga tausayin mutum ɗaya ba, kuma nan ne nake ganin sun yi wa ƙungiyoyi da yawa fintinkau. Majalisarsu, Shree Bhagnari Panchayat, da reshenta na jin ƙai suna da asusu da kwamiti, ana tallafa wa marasa ƙarfi da kuɗin magani da na karatu da na cefane. Mabuƙaci ba sai ya je ƙofar attajiri ya durƙusa ba, kwamiti yake nema, kwamitin kuma ya san halin gidansu ba sai ya yi dogon bayani ba. Wanda ya taɓa shiga ƙungiyar 'yan gari ya ga yadda takan mutu ranar da mai kuɗin cikinta ya yi fushi ko ma'aji ya yi tafiya da littafi, zai gane darajar wannan. Ƙanƙantarsu ma ta taimaka. Mutum dubu kaɗan da suka san kakannin juna, ƙarya ba ta nisa a cikinsu, na mai nema ko na mai riƙon kuɗi.

Kada dai ka zaci babu tsatsa. Inda kowa ya san kowa, sirri tsada gare shi, kuma akwai mai gwammace ya sha wahala shiru da a san gidansu ya karɓi tallafi. Yabon masu nasara yana da nauyi a kan yaron da bai ci jarrabawa ba. Aure a cikin gida ya yi wuya ga al'umma ƙarama haka, samari da 'yan mata da yawa suna auren waje, kuma kowane irin wannan aure yana tayar da tambayar ko 'ya'yan na ciki ne.

Babbar ɓarakar ita ce harshe. Sindhi ya sami shiga jerin harsunan da tsarin mulkin Indiya ya amince da su a 1967, yana da littattafai da makarantu, duk da haka yana ja da baya a bakin matasan birni. Harshen Bhagnari ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan gata, a baki yake, a kicin da zaure. Yaron da aka haifa a Mumbai Hindi da Turanci da ɗan Marathi yake ji, na Dubai kuwa Turanci ne ya fi yawa. Asusu yana iya biyan kuɗin tiyata, amma ba ya sa jika ya amsa wa kakarsa da harshenta. Garin Bhag kuma yana hayin iyakar da biza tsakanin Indiya da Pakistan ke wuyar samu, mafi yawansu ba su taɓa taka shi ba.

Tunda kullum kuna tare, ga abin da za ka gwada. Ka tambayi maigidanka a wane gini na Kataria Colony danginsa suke, sannan ka nuna masa bidiyon bijiman nan ka ce ka san Bhag da kogin Nari. Daga nan ka tambaye shi da wane harshe yake magana da mahaifiyarsa, da wane kuma yake magana da 'ya'yansa.