Yadda Abraham Lincoln Ya Zama Lauya Ba Tare Da Jami'a Ba

Mai tambaya, ka ce ta yaya Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya zama lauya alhali bai je jami'a ba? A jihar Illinois ta wancan zamani ba a neman digiri. Littattafan shari'a ya ara wurin wani lauya, John Todd Stuart, ya yi ta karatu shi kaɗai. A Maris 1836 kotun gundumar Sangamon ta shaida kyawun halinsa, ranar 9 ga Satumba ya karɓi lasisi, a 1837 ya fara aiki tare da Stuart a Springfield.

Tun 1834 kuma yana majalisar jihar. Inda ya sha wuya ita ce majalisar wakilan Amurka, 1847 zuwa 1849: ya soki yaƙin Amurka da Meziko, abin ya ɓata wa mutanen mazaɓarsa da dama rai, ko da yake a ganina gaskiya ya faɗa.