Amsa: Me ya sa rim ɗin da 480 ne, kuma me ya sa shafukan littafi ke zuwa 16-16?

Malam Sani, tambayarka biyu ce: me ya sa tsohon rim na takarda ba 500 ba ne, kuma me ya sa maɗaba'a ta ce littafinka ya cika shafi 96 maimakon 90.

A da, a Ingila ana ƙirga takarda ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri falle 24. Ɗauri 20 ne rim, wato 480. Daga baya aka mai da ɗaurin 25, rim ya zama 500 kamar na A4 da muke saya yau.

Ta biyun ta fi muhimmanci gare ka. Ba shafi ɗaiɗai ake bugawa ba. Babban falle guda ake bugawa gaba da baya, a naɗe shi sau uku, ya ba da warƙa 8, shafi 16. Waɗannan naɗe-naɗen ake jerawa a ɗinke. Shida daga cikinsu 96 ke nan, saboda haka ba cutarka aka yi ba. Shawarata, ka cike shafuka shidan da gabatarwa ko fihirisa, kada su tafi farare.

Marubutan Larabawa kuwa yawanci falle 5 suke naɗewa biyu, warƙa 10, su kira shi kurrasa. Malamanmu na Kano da Borno ba sa ɗinke Alƙur'ani rubutun hannu. Warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, wato bangon fata, a sa a gafaka. Abin da ke tsare jerinsu shi ne kalmar farko ta warƙa mai zuwa, da ake rubutawa a ƙasan wadda ta gabace ta.