Tambayoyinku: Na so in maye gurbin alert, TypeScript ya hana ni

Tambaya: Malam, ina koyon TypeScript. Na rubuta fankshin mai suna alert don ya maye gurbin na burauza, sai jan layi ya fito. Wani abokina ya ce in sa `as any` in huta. Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, TypeScript, wato JavaScript da aka ƙara wa mai duba nau'in bayanai, bai yi laifi ba. An riga an bayyana alert, fankshin da ke fito da akwatin saƙo a shafi, a cikin lib.dom.d.ts, fayil ɗin da TypeScript ke lissafa kayan burauza a ciki, kai kuma fayil ɗinka babu import babu export, saboda haka duk a fili ɗaya suke da suna ɗaya. Rubuta `export {}` a fayil ɗin. Ya zama modul ke nan, wato fayil mai filin sunayensa na kansa, naka alert ya rufe na burauza a nan kaɗai. In kuwa dole ne a canza wa kowa, ɗora sabon fankshin a kan `window.alert`, zai wuce muddin siffarsa ta dace da ta asali.

Amma shawarar abokinka, wallahi tana ɓata mini rai. `as any` na nufin ka ce wa TypeScript ya daina duba nau'in abin, rufe wa mai gadi ido ne. Me ya kai ka TypeScript in za ka riƙa yi masa haka? Microsoft sun fito da shi a 2012 domin ya kama kuskure kafin manhaja ta isa hannun mutane.

Kuma ko ya wuce, wa ya ce maka kai kaɗai ke kiran alert ko fetch, fankshin burauza da ke ɗauko bayanai ta intanet? Laburaren da ka jawo cikin shafin, wato fankshin da wasu suka rubuta, shi ma yana iya aiki da su. Ka canza fetch yau, gobe biyan kuɗi ya tsaya, ka kwana kana neman dalili a inda ba ya nan. Tsohon laburaren MooTools ya ƙara wa Array, wato jerin abubuwa a JavaScript, nasa fankshin mai suna flatten, sai ga shi a 2018 an tilasta wa masu tsara JavaScript sauya sunan sabon fankshin ɗinsu daga flatten zuwa flat, don kar tsofaffin shafuka su karye. Ni dai nawa fankshin nake rubutawa da sunansa daban, kamar `nunaSako`, in kira na asali a ciki. Kai ma yi haka.

Tambaya: Wayata kullum tana cewa wuri ya cika.

Amsa: Hajiya, bidiyoyin gurup-gurup ne. Shiga saitin WhatsApp, kashe saukewa da kanta, ki share waɗanda aka turo sau da yawa.