Ku Tambayi Likita: Ina Za Mu Kai Mai Taɓin Hankali a Kumasi?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: mutum ya rikice a gida, dangi sun rasa inda za su nufa da shi. Mun zaɓi biyar, likitan ƙwaƙwalwa da nas mai bin marasa lafiya gida-gida suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Ƙanena ɗan shekara 24 wata uku ke nan ba ya barcin kirki, yana magana shi kaɗai, ya daina cin abincin gida wai an sa masa guba. An ce mana sai Ankaful ko Pantang, mu kuwa ba mu da kuɗin wannan tafiyar. Na ji ana gina asibitin ƙwaƙwalwa a Kumasi. Mu jira a buɗe? Daga wata yaya a Aboabo.

Amsa: Yaya, kada ku jira ko mako ɗaya. Gaskiya ne a shirin gwamnatin Gana na gina asibitoci, Agenda 111, da aka ƙaddamar a 2021 akwai sababbin asibitocin ƙwaƙwalwa biyu, ɗaya a yankin Kumasi, ɗaya a Tamale, amma aikin ginin ya ja lokaci. Irin wannan ciwon kuwa, iya daɗewarsa ba magani, iya wahalar dawowar mutum daidai.

Masu cewa sai Ankaful, tsohon labari ne a bakinsu. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku ne a ƙasar nan, duk a kudu: na Akra da aka buɗe a 1906, Ankaful kusa da Cape Coast a 1965, sai Pantang a 1975. Abin da ya canja shi ne dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, Act 846, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ce a kawo kulawar kusa da gidajen mutane. Shi ya sa yanzu za ki tarar da ɗakin lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin gwamnati na gunduma, da nas da suka karanci wannan fannin kaɗai. A nan Kumasi akwai sashen a babban asibitin Komfo Anokye, wato Gee, akwai kuma a asibitin Tafo. Ku fara da asibitin gwamnati mafi kusa da ku, in abin ya fi ƙarfinsu su za su ba ku takardar tura ku gaba.

Ku yi sammako, mutum biyu su raka shi, ɗaya ya zama wanda ya san yadda abin ya faro. Kafin ku fita, rubuta a takarda: yaushe barci ya ƙaurace, me yake cewa yana ji ko gani, ko akwai mai irin wannan a dangi, ko ya taɓa faɗuwa ya bugu a ka. Ku zuba duk abin da aka ba shi a leda ku tafi da shi, har da na gargajiya. In yana shan wiwi ko tramol ku faɗa, nas ba ɗan sanda ba ne, ɓoyewa kuma na sa a ba da maganin da bai dace ba. Za a auna jini, sukari da zazzaɓin cizon sauro, domin ciwon jiki ma yakan gigita mutum. In akwai zazzaɓi mai zafi, sanƙarewar wuya, jijjiga, ko bai san dare da rana ba, to ɗakin gaggawa za ku nufa kai tsaye.

Kada ku yi musu da shi a kan gubar, ba za ku ci nasara ba, sai dai ya sa ku cikin jerin maƙiya. Ku ce masa za a je a duba rashin barcin, wanda shi ma ya san yana damunsa. Abinci kuma a zuba a gabansa daga tukunyar da kowa ke ci. Yawancin masu irin wannan ba a kwantar da su. Magani ake ba su, a sa ranar dawowa. Kafin ku baro wurin, karɓi lambar wayar nas ɗin.

Tambaya: Katin inshora yana biyan maganin ƙwaƙwalwa kuwa? Bara mun je wani asibiti aka ce magani ya ƙare, muka saya a kemis da tsada. Daga wani magidanci a Asawase.

Amsa: Malam, dokar 2012 ta ce kulawar kyauta ce, amma shekara da shekaru magani kan yanke a asibiti, nauyin ya faɗo kan iyali. Daga 1 ga Nuwamba 2024 inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta shigar da cututtuka huɗu: ciwon damuwa, ciwon fargaba, ciwon da ke kai mutum daga zumuɗi mai tsanani zuwa baƙin ciki mai tsanani, da ciwon jin muryoyi da zargi da likitoci ke kira sikizofireniya. Ta ƙunshi ganin likita a koma gida da kwanciyar farko lokacin da ciwon ya tashi.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne katin da ya mutu. Ka danna *929# a wayarka ka duba, ka sabunta da kuɗin waya tun bai ƙare ba, don sabon kati ko wanda ya daɗe da mutuwa yakan yi jiran wata guda kafin ya fara aiki. In aka ce wani magani babu, tambayi likita ko akwai makamancinsa a jerin na inshora, kada ka canja da kanka a kemis. Kuma ka riƙa komawa karɓa saura mako ɗaya na gida ya ƙare.

Tambaya: An ba ɗana ƙwayoyi, kwana biyu da farawa wuyansa ya murɗe, idonsa ya kafe sama, harshe ya yi nauyi. Muka tsorata muka zubar. Maƙwabta suka ce aljanun ne suka ƙi maganin. Daga wata uwa a Tafo Zango.

Amsa: Hajiya, sannu, abin akwai ban tsoro ga wanda bai taɓa gani ba. Amma illar magani ce sananniya, ta fi zuwa da haloperidol da allurar fluphenazine, ta fi kama samari a kwanakin farko. Maganin ne ke ɗaure jijiyoyin wuya da ido. A asibiti allura ɗaya kan sake shi cikin mintuna, sannan a rage yawan maganin, ko a haɗa da ƙwayar benzhexol, wadda aka fi sani da Artane, ko a koma wani kamar olanzapine ko risperidone. Ki mayar da shi yau, ki faɗi abin da ya faru dalla-dalla.

Kowane magani da halinsa. Chlorpromazine na sa barci da jiri in an miƙe da sauri, sai a tashi a hankali. Olanzapine na buɗe ciki ya sa ƙiba, don haka a riƙa hawa sikeli duk wata, a auna sukari lokaci-lokaci, a rage lemon kwalba. Maganin damuwa irin fluoxetine ba ya nuna aiki sai bayan mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, mutane da yawa kuwa a mako na farko suke yanke ƙauna. Mace mai shan sodium valproate da ke son haihuwa ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya illata jariri. Illar da ba a kwana da ita ita ce zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki duka da gumi da ruɗewa: a dakatar da maganin a ruga asibiti.

Babban abin da ke mayar da mutane baya shi ne samun sauƙi. Bayan wata biyu yaro ya koma wurin aiki, yana barci, yana gaisawa, sai gida ya ce ya warke a ajiye ƙwaya. Watanni kaɗan ciwon ya dawo, sau da yawa ya fi na farko. Bayan tashin farko ana ci gaba da magani aƙalla shekara ɗaya da samun lafiya, kuma likita ne ke ragewa kaɗan-kaɗan. Ga mai yawan mantuwa ko ƙin haɗiya akwai allurar da ake yi duk mako biyu zuwa huɗu. In azumi ya gabato ku je tun a Sha'aban a gyara lokutan sha zuwa sahur da buɗa-baki.

Tambaya: Mahaifinmu ya nace a kai yayanmu wani gida a bayan gari inda ake sa mari a ƙafa ana addu'a. Shi kuma yayan ya ƙi asibiti, har ya fara ɗaukar wuƙa. Daga wani ƙane a Moshie Zango.

Amsa: Addu'a, tofi da ruƙiyya ba su hana magani aiki, akwai malamai a Zango da su da kansu suke cewa a je asibiti a dawo a ci gaba da addu'a. Abin da muke ƙi shi ne mari, duka da hana abinci. Hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta sanar da haramta ɗaure marasa lafiya tun 2017. Ƙarfen na cin idon sawu ya zama gyambo, ƙafa ta kumbura, ƙishirwa ta taɓa ƙoda, mutum ya fito yana ƙin danginsa.

Baba tsoro ne ya kai shi ga wannan shawarar, don haka a ba shi wata mafita, kada a tsaya ja-in-ja da shi. Ku samu limami ko wani dattijo da yake jin maganarsa a zauna tare da nas. Game da wuƙa, doka ta tanadi hanya: in mutum ya zama haɗari ga kansa ko wasu, likita na iya rubuta takardar gaggawa a riƙe shi a asibiti har awa 72, abin da ya wuce haka ba da yardarsa ba sai da umarnin kotu. Ku kwashe wuƙaƙe da adda, ku janye yara, mutum ɗaya ya riƙa yi masa magana da murya ƙasa-ƙasa, kada a taru a kansa, kada a tare masa ƙofa. Ku kira 112, ku faɗa tun a waya cewa mara lafiya ne.

Tambaya: 'Yata ta sha ƙwayoyi da yawa da niyyar hallaka kanta. Allah ya kiyaye, amma mun ɓoye don tsoron 'yan sanda. Daga wani uba a Sawaba.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba ta lafiya. Ka cire wannan tsoron: a watan Maris 2023 majalisa ta gyara dokar laifuka ta 1960, yunƙurin kashe kai ya daina zama laifi, mai yinsa mara lafiya ne da ke buƙatar kulawa. Ka kai ta asibiti yau ko da ta miƙe tana harkokinta, tare da kwalin abin da ta sha, domin paracetamol kan yi wa hanta ɓarna a ɓoye sai bayan kwana biyu ko uku alamun su fito. Watannin farko bayan yunƙuri su ne mafi haɗari. A kulle magunguna da maganin ƙwari da na ɓera, wani babba ya riƙe nata yana ba ta na kowace rana, kada a bar ta ta kwana ita kaɗai. Ka tambaye ta kai tsaye, cikin taushi, ko tunanin na nan. Tambayar ba ta cusa wa mutum niyya. In ta ce yana nan, ku koma asibiti a ranar, kada ku jira ranar da aka sa muku.