Wai me ya sa daren Gombe ba ya sanyi ne?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ni a Pantami nake, wallahi a bazarar nan ko ƙarfe 1 na dare ka dafa bangon ɗakina sai ka ji ɗumi kamar gindin murhu, amma da na je biki ƙauyenmu wajen Dukku har zani na ja na rufa da asuba. Maigidana ya ce esi da janareton maƙwabta ne ke dafa mu, ni ko na ce zafi dai na Allah ne. Wa ya fi gaskiya? Daga wata uwargida, Pantami.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Toh maigida ya ɗan fi ki, amma kar ki faɗa masa. Esi ba ya kashe zafi, kwashe shi yake daga ɗaki ya watso waje, har da ƙarin na wutar da ya ci, je ki tsaya bayan akwatin nan da ke manne a bango ki ji hucin da yake fesowa. A birnin Phoenix na Amurka bincike ya nuna, esi kaɗai na ƙara wa dare zafi kamar digiri 1. Janareto kam ya fi muni, fiye da rabin man da yake sha zafi yake komawa ba wuta ba, ki haɗa da Keke Napep da motoci da injin niƙa, kowa na hura nasa.

Sai dai ni a ganina babban mai laifin shiru yake, ba ya yin ƙara. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 ake ta sare dogon yaro ana zuba bulo da kwano da kwalta, tsakar gida ma yanzu sai an malale shi da siminti wai gayu, su kuwa waɗannan yini suke suna shan ranar Maris da Afrilu mai haura digiri 40, dare na yi su fara amayo ta, shi ne ɗumin da kike ji a bango. A ƙauye ginin ƙasa ne da bishiyoyi da fili, ƙasa na hucewa da wuri. A birni kuwa zafin sai ya sa a ƙara kunna esi, esi ya ƙara zafin.

In akwai hali ku sa silin, ku shafa wa kwanon farin fenti, a matsar da janareto daga jikin taga (hayaƙinsa ma kisa yake), sannan ki fasa simintin nan ta yamma da ɗakin ki dasa dogon yaro ko mangwaro.