Kiran bidiyo ta burauza: yana tafiya a ofis, ya ƙi a kan datar waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin kwamfuta ne a wata ma'aikatar gwamnati a Tawa. An ɗora mini aikin haɗa shafin da jami'anmu za su riƙa ganawa da na Yamai ta bidiyo, ba tare da kowa ya sauke manhaja ba. Na haɗa shi da WebRTC, fasahar kiran murya da bidiyo ta cikin burauza. A ofis yana tafiya sumul, amma da abokin aikina ya gwada da datar salularsa, baƙin allo kawai ya gani. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina kyautata zaton aikinka lafiya lau yake, sabar TURN, wato kwamfutar da ke miƙa kira tsakanin na'urori, ita ce ba ka kafa ba.

WebRTC, wanda Google ta sake wa duniya a 2011 kuma ya zama cikakkiyar ƙa'ida a 2021, yana ƙoƙarin haɗa na'urori biyu kai tsaye. A ofis duk kuna kan Wi-Fi ɗaya, sai suka ga juna nan take. A waje kuwa, kamfanonin salula galibi suna tara ɗimbin masu data a bayan adireshin IP guda. Sabar STUN tana gaya wa waya adireshinta na waje, amma sau da yawa hakan bai isa a buɗe hanya ba. Nan TURN ke shigowa, kamar ɗan aike tsakanin gidaje biyu masu rufaffiyar ƙofa: ya karɓa nan, ya miƙa can. Ka girka coturn, manhajar kafa sabar TURN, kyauta ne. Ka buɗe masa tasha 3478, ka kuma ƙara tasha 443 da TLS, tsarin kulle bayanai a kan hanya, domin katangar tsaron wasu ofisoshi ita kaɗai take bari ta wuce. Sannan ka gwada da layin Airtel, da Moov, da Zamani, ba guda ɗaya ba.

Wata matsalar na jiranka a gaba. Kiran mutum biyu ba komai. Amma in mutum 6 suka shiga kai tsaye, kowace waya sai ta tura bidiyonta sau 5. Wayar za ta yi zafi, batir ya zube, data ta ƙone. Maganin shi ne sabar da ake kira SFU: kowa ya tura mata sau ɗaya, ita ta rarraba.

Shi ya sa, in da ni ne, ba zan gina komai daga tushe ba. Jitsi Meet na nan, buɗaɗɗiyar manhaja ce, da SFU ɗinta a ciki, kuma gwamnatin Faransa ma a kanta ta gina ɗakin taron bidiyo na ma'aikatanta. Ƙarfinka ka kashe shi kan rezon da muke da shi: ka rage hoton zuwa 360p, ka sa maɓallin kashe kyamara inda kowa zai gan shi. Muryar da aka matse da tsarin Opus ba ta cin komai idan aka kwatanta da hoto, kuma shugabanka zai haƙura da dushewar fuska, amma ba zai haƙura da yankewar magana ba.

Batun sirri kuma: WebRTC yana kulle murya da hoto dole, TURN ba ya iya ganin abin da yake ɗauka. SFU kuwa, a yadda aka saba kafa shi, yana buɗe kullin kafin ya rarraba. Don haka sabar ta zauna a hannun ma'aikatarku. In za ku naɗi taro ko ku adana sunayen jama'a, ku tuntuɓi hukumar kare bayanan sirri, HAPDP, tun kafin a fara. Kada ku manta da batir ko sola ga sabar, watannin zafi kan zo da ɗaukewar wuta.

Tambaya: Malam, daga Yamai nake. Nawa shafin ko izinin kyamara ba ya nema idan na buɗe shi a waya, alhali a kwamfutar da na rubuta shi yana nema.

Amsa: Burauza ba ta ba da kyamara sai shafin na kan HTTPS, wato haɗi mai tsaro, kwamfutarka kaɗai aka yi wa rangwame saboda gwaji. Ka karɓi takardar shaidar HTTPS kyauta daga Let's Encrypt, ka kuma saita ta ta riƙa sabunta kanta kafin wa'adinta ya cika.